Abin da zanen gidajen mutane ya koya min game da fili hamsin-hamsin

Aikina zanen gida ne, ina ƙarƙashin wani akitek a nan Kano, shi yake sa hannu ni kuma nake zama gaban kwamfuta ina jan layi. Yawancin masu zuwa wajenmu ba wasu manyan masu kuɗi bane, ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa da ya yi adashi ya yi tari har ya samu fulotinsa can bayan gari, hamsin-hamsin wato ƙafa 50 kowane gefe, ko hamsin da ɗari in Allah ya hore, yana so ya rabu da haya. Kuma kusan dukkansu da hoto a waya suke zuwa. Wani gida ne ya gani a Facebook, sai kaji "oga irin wannan nake so, ɗaki huɗu kowanne da banɗakinsa, falo biyu, da wajen ajiye mota."

Toh ni dai yanzu bana musu da kowa, biro nake miƙa masa mu yi lissafi tare. Ɗaki ƙafa 12 guda huɗu a jere ƙafa 48 kenan, sai mutum yace ai ga shi har ƙafa 2 ta ragu. Alhaji ina bango? Bulo mai inci 9 a gefe da gefe, mai inci 6 guda uku a tsakani, ƙafa 3 ta tafi tun ba a yi filasta ba, ka ga mun kai 51 a filin da ƙafa 50 ne. Shi ma hamsin ɗin a bakin dillali ne, in ka je da tef ɗinka sau da yawa 47 ko 48 zaka samu, ko ka tarar maƙwabci ya riga ya ci taku ɗaya da katangarsa. Shi yasa ogana baya yarda a ja layi ko ɗaya sai an je filin an auna, an ga ina titi yake, ina ruwa yake gangarawa in an yi ruwan sama.

Babban abin da na ɗauka a wajensa shi ne, kafin ya zana ɗaki ko ɗaya sai ya fara ware inda ba za a gina ba. Tsakar gida yake fara fitarwa, sannan wajen sokawe, wajen rijiya ko burtsatse, da ɗan lungun da za a bari tsakanin gini da katanga, abin da ya rage shi ne na ɗakuna. Masu gida kuwa akasin haka suke so, a cika filin da ɗakuna tukuna, in wani abu ya saura a kira shi tsakar gida. Kuma wallahi abin da yake saura ɗin ko tabarma biyu baya ɗauka.

Shi maigida baya jin wannan a jikinsa saboda da safe ya fita sai dare. Wadda take wuni a gidan ita ta san ina za a yi shanya, ina za a girke tukunyar suna ko ta biki, don duk kyan kicin ɗin zamani ranar taro icce ake hurawa a waje, ina za a ɗaure ragon layya a kuma yanka shi, ina yara zasu yi guje-guje, ina za a shimfiɗa katifa a watan Afrilu in an ɗauke wuta ɗaki ya gagari kwana. Duk tsakar gida ce. Don haka nake roƙon masu gida, Alhaji don Allah ka tafi da takardar nan gida Hajiya ta gani. Wasu su yi dariya suce me ta sani a zane. Amma in takardar ta dawo zaka ga gyaran da ya fi na kowa ma'ana, wata cewa tayi a ba kicin ƙofar baya zuwa tsakar gida kuma a matso da sito kusa da shi, wai ita bata ga dalilin da za a riƙa ratsa falo da buhun shinkafa ba. Wata kuma famfon wanki a waje ta nema, da ɗan dakali a gefensa.

Sai maganar ido. Tsofaffin maginanmu na gidan ƙasa sun gama da wannan tuntuni, in ka lura ƙofar zaure ta waje da wadda take shiga ciki basa kallon juna, sai ka karkata, don wanda yake tsaye a titi kar ya hango matan gida. Yanzu an daina zaure an koma get, kuma ana buɗe get ɗin don mota ta shiga duk mai wucewa yana ganin har bakin kicin. Gyaran ba tsada, ɗan bango ne a tare, ko a juya ƙofar shiga ta kalli gefe. Falon maigida a bashi ƙofarsa daga waje da ɗan banɗakin baƙi, ɗakin samari ma can kusa da get, don yaron da yake firamare yau kafin ka ankara abokansa sun fara sallama.

Rana ma sai an yi shawara da ita. Bangon da yake kallon yamma yana shan rana tun azahar har magariba, bulon siminti kuma ya riƙe zafin ya dinga sakinsa cikin dare, wanda ɗakin kwanansa yake nan ya sani. In fili ya bada dama mukan tura sito da banɗaki da matakala wancan ɓangaren su tare, ɗakunan kwana su samu taga ta kudu ko arewa, kuma taga biyu a bango daban-daban don iska ta shiga ta fita. Hadarin damina a nan yawanci daga gabas yake tasowa da iskarsa, don haka ƙofar da take kallon gabas tana son baranda ko rumfa, in ba haka ba feshi har cikin falo. Mutane kuma suna son manna gini da katanga don kar a yi asarar ƙafa uku, sai taga ta buɗe a jikin bangon maƙwabci, ba haske ba iska, ranar da bututu ya fashe ma falamba bashi da inda zai tsaya. Ga kuma KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, in zaka kai zane neman izini suna duba tazarar da ka bari musamman ta gaban titi.

Banɗaki kuwa tun a takarda muke duba alƙibla, a Kano gabas ce ta ɗan karkata arewa, sai a dasa masai yadda mai zama baya fuskantarta baya kuma ba ta baya. In an manta sai an gama tayil wani malami ya zo ziyara ya faɗa, a dawo ana fasa.

Wanda yafi bani tsoro shi ne sokawe da rijiya. Ana so a samu tazarar aƙalla mita 15 tsakaninsu, wasu ma mita 30 suke cewa, alhali filin hamsin-hamsin gaba ɗayansa kusan mita 15 ne kowane gefe. Kenan ko ka kai ɗaya wannan kusurwa ɗaya waccan da ƙyar ka tsira, kuma baka san inda na bayanka ya haƙa tasa ba, wataƙila bango ɗaya ne tsakanin masansa da rijiyarka. Tambayar maƙwabta kafin a haƙa ba abin kunya bane. Sokawe kuma a ajiye ta kusa da titi inda motar kwashewa zata kai tiyo. Haka tsayin fandisho, sabuwar unguwa titinta ƙasa ce, ranar da aka zo aka yi ciko aka zuba kwalta da kwata titi zai hau, gidan da aka gina daidai da ƙasa sai ya koma rami ruwa yana shigo masa ta get.

Akwai kuma waɗanda sai an gama magana zasu rage murya, "oga ka ɗan bar min wani gefe, ko Allah zai sa a ƙara." Hhh. Ni ba ruwana da wannan, amma gara a faɗa min da wuri, don in sashe biyu ne dole su zo daidai, ɗaki da falo da banɗaki, inci ɗaya ya bambanta sai an auna shi da ido. A hamsin-hamsin gaskiya sai dai a yi sama, in kuwa akwai niyyar bene to tun daga fandisho injiniya zai sa ginshiƙai da rodin da zasu ɗauki dekin, kuma a bar wa Inna ɗakinta a ƙasa saboda gwiwa.

Mutane da yawa basa iya karanta zane, zasu ce eh yayi alhali basu gane ba. Don haka ranar da za a fitar da gini mukan sa magini ya ja igiya ya zuba toka ko ya jera bulo sahu ɗaya ba siminti, maigida da uwargida su shiga su zaga, ta tsaya a kicin ɗinta ta ga ko firiza zata shiga, shi ya shigo da motarsa ya gwada buɗe ƙofa. A ranar matsar da bango aikin lebura ɗaya ne kafin a sha ruwa, in an kai linta kuwa sai guduma da sabon siminti.