Dunƙule ko ƙofofi? Musun da masana ƙasa suka kasa gamawa

Ranar da aka fara fita da mu firaktikal na darasin nazarin ƙasa, rami muka haƙa ya kai ƙirji, malam ya ce kowa ya ɓallo ƙasa a jikin bangon ya murza ya rubuta yadda ta farfashe. Ni na rubuta manyan dunƙule masu kusurwa. Abokina da ke gefena, mai hannu kamar na maƙeri, ya rubuta ƙanana kamar tsaki. Ƙasa ɗaya fa, taku ɗaya ne tsakaninmu, haka muka yi ta musu har aka tashi.

Ashe manyan ma musun da suke yi kenan. Tsohuwar hanya, wadda jagorar 2006 ta FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, take bi, ita ce ka dubi dunƙulen, siffarsa da girmansa da ƙarfinsa. A 1982 wasu masana biyu, Tisdall da Oades, a Ostireliya suka ce abin hawa-hawa ne, ƙananan da ba su kai kwatan milimita ba su ke haɗuwa su zama manya, saiwoyi na ɗaure su. A lab kuma rariya ake jerawa a zuba dunƙulen a kai a yi ta tsomawa a ruwa a ga nawa za su tsira.

Su Hans-Jörg Vogel, masanin ƙasa na Jamus, kuwa suka ce a'a, ai wannan kamar ka rushe gidan ƙasa ne ka auna buraguzai ka ce ka san gidan, ina zaure ina tsakar gida? Ruwa da iska da saiwa duk ta ƙofofin da ke cikin ƙasa, wato ƙananan ramukanta, suke bi, kuma girman dunƙule ya danganta da ƙarfin da ka sa ka fasa shi, kaga ni da abokina kenan. Su sai su yanko ƙasar yadda take su sa ta a sikana irin ta asibiti su ga ramukan.

Gaskiya zuciyata na wajen su Vogel, duk da dai sikanar nan ba ta talaka ba ce kuma abin da take ɗauka bai wuce cikin gwangwani ba, ina gwangwani ina gona.

Amma Baba bai taɓa murza hoge don ya san gona ba, jira yake a yi ruwa ya je ya ga inda ya kwanta, nan ne fako, sai ya ce wajen nan ba ya sha. Manoman Tawa a Nijar ma in za su farfaɗo da fako tassa suke haƙawa, wato ƙananan ramukan shuka, su zuba taki, gara ta biyo takin ta huda musu ƙasar ta ƙarƙashi.