Kilomita 18 da na yi da jaririya a bakin jakar iska

Motata mai ƙofa biyu ce, ƙirar 2001, irin gajerun nan da ke shafar ƙasa. Tun ina gwauro na saye ta daga Kwatano, kuma duk wanda ya san ni a Zango ya san ni da ita. Da Allah ya sauki iyalina lafiya ta tafi wankan jego gidansu a Mirya, kowa ya ce in sayar in nemi babba. Na ƙi. Na ce kujerar yara zan saya in ɗaura, kamar yadda ake yi a ƙasar da aka ƙera motar. Har gori na sha, wai ba ni da kara a kan 'yar fari.

Na aika Kano aka kawo mini kujera da gindinta, jika 65 na sefa duka. Gindin irin mai ISOFIX ne, wato mai haƙora biyu da ke kama wasu ƙarafa da aka ɓoye tsakanin mazauni da majinginar kujerar baya. Na cusa hannu na lalube har farcena ya karye, babu ƙarfe ko ɗaya. Ashe motoci da dama na wancan zamani ba a sa musu ba. Jika 25 na gindin ya tafi ke nan. Wannan asara ce ta kuɗi, na haɗiye.

Wanda har yau yake hana ni barci shi ne abin da na yi ranar arba'in. Kujerar tana ɗauruwa da bel ko babu gindi, amma bayan motar matsattse ne, sai ka kwantar da kujerar gaba ka duƙa kamar mai shiga akurki. Rana ta take, ga surukaina tsaye suna kallo, zufa na zuba. Sai na ce me zai sa in wahala? Na ɗora ta a kujerar gaba, fuskar yarinya na kallon baya kamar yadda hoton jikin kwalin ya nuna, na zagaya bel, uwar ta shiga baya. Hajiya ta ce, "Kai ɗan nan, ba ka bari a riƙe ta a cinya?" Na ce, "Hajiya, ai nan ta fi tsira." Da bakina na faɗi haka. Na tuƙo har Damagaram ina leƙen fuskarta ina jin daɗi, kilomita 18 cur.

Kashegari na kai motar canjin mai. Makanikina dattijo ne, tun ina yaro yake gyara motar mahaifina. Ya ga kujerar a gaba, bai ce komai ba, ya sauke makarin ranan da ke saman gilashi ya nuna mini wata takarda da aka manna: hoton kujerar jariri an ja mata jan layi. Shekara shida ina tuƙa motar, ban taɓa kula da ita ba. Ya ce, "Ɗana, jakar iskar nan da ke ɓoye a gaban fasinja don ta kumbura in an yi karo, in ta fashe, da gudun da ya kai wajen kilomita 300 a awa take fitowa. Babba tana tare masa ƙirji. Ita kuwa wannan, bayan kujerar za ta daka, daidai inda kan yarinya yake." Ba sai an yi mummunan haɗari ba, inji shi, karo da jaki ko bayan wata mota a kan kwalta ya isa. Na tuna awakin da na kauce wa wajen fitowa daga Mirya, sai na nemi benci na zauna.

Wasu motocin suna da ɗan makulli a gefen gaban mota da ake kashe jakar iskar fasinja da shi. Tawa babu. Saboda haka gaba ta haramta, magana ta ƙare.

Ɗaurin baya ya ci mana fiye da awa guda. Mazaunin bayan irin waɗannan motoci yana da rami kamar kwarya, kujerar sai ta riƙa gocewa. Muka tura kujerar gaba har ƙurya, muka bi da bel ta shuɗayen maratayan da ke jikin kujerar, na ƙasa ta kan ƙafafu, na kafaɗa ya zagaya ta baya. Da kyar ya kai, saura kaɗan ya gaza, don haka duk mai niyyar saye ya gwada a motarsa tukuna kafin ya ba da kuɗi. Na danna da dukan ƙarfina shi kuma yana ja. Gwajinsa shi ne ka kama kujerar daidai inda bel ya bi ka girgiza. In ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, kwance ka sake. Sau uku muka kwance. Sai kuma kwanciyarta: in ta miƙe da yawa kan jariri yana faɗowa kan ƙirji ya toshe numfashi, shi ya sa akwai layi a gefenta da ya kamata ya daidaita da ƙasa.

Igiyoyin da ke riƙe yarinyar su fito daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan, a ja har ka kasa tsunkule su da yatsu biyu. Nan muka sha rigima da uwarta, wadda ke naɗe ta da tawul da zani kafin a ɗaura. Yanzu a ɗaura tukuna, sannan a lulluɓa. Zafin Damagaram kuma ya koya mana yafa farin zani a kan kujerar duk inda muka ajiye mota, don ƙarfen maɗaurin yana iya ƙona fatar jariri a watan Afrilu.

Yanzu ba mai iya zama a gaba sai wanda ba ya son gwiwoyinsa. Uwar ɗaki tana baya kusa da 'yarta, ni kaɗai a gaba kamar direban haya. Gindin nan na jika 25 yana saman kabad ya sha ƙura. Hajiya kuwa har yau ba ta san abin da na yi ranar ba, kuma duk sa'ad da muka je Mirya sai ta yaba mini wai ni mai tsantseni ne.