Daga XML zuwa rubutu zalla: yadda aikin ya gudana

An ba ni tarin takardu da aka adana a tsarin XML, aka ce in fitar da rubutunsu zalla, babu alama ko ɗaya, domin a zuba su cikin injin bincike, wasu kuma a aika ta imel. Wanda ya kawo aikin yana ganin abu ne na zama ɗaya: a goge duk abin da ke tsakanin < da >, abin da ya rage shi ne rubutun. Ban ga laifinsa ba, don duk wanda ya buɗe fayil ɗin abin da idonsa zai gaya masa ke nan.

Sai dai alamomin nan suna ɗauke da ma'ana. XML, wanda ƙungiyar W3C ta tabbatar a 1998, daga SGML na 1986 ya samo asali, kuma dukansu an gina su ne don takarda ta faɗi ko wane sashe nata mene ne: wannan kanu ne, wannan sakin layi, wancan jeri. Rubutu zalla kuwa ba shi da abin da zai nuna hakan sai tazara da sabon layi. Idan ka goge alama ba ka sa wani abu a gurbinta ba, ka zubar da ma'anar tare da ita. Na nuna masa da misali ɗan ƙarami. Ga jeri: <li>Littafi</li><li>Biro</li>. Da aka goge alamomin, sai aka samu LittafiBiro, kalmar da babu wanda zai taɓa nema a injin bincike. Daga nan muka yarda cewa ba za a bi ta regex ba, wato dabarar neman wani tsarin haruffa a rubutu, wadda da ita ake irin wannan gogewa. Dama regex ba ya iya bin alamomin da ke cikin juna, kuma sashen CDATA, inda < ke zama harafi kamar kowane harafi, yakan rikita shi.

Na ɗauki Python, harshen rubuta manhaja, da kayan aikinsa ElementTree, wanda ke karanta fayil ya mayar da shi bishiya mai rassa. A nan ne na fi daɗewa, saboda abin da ake kira gauraye, wato rubutu da alamomi a cikin jimla ɗaya. Dubi wannan: <p>Ya ce <em>gobe</em> zai zo.</p>. Idan ka nemi text na p, wato rubutun alamar sakin layi, abin da za a ba ka shi ne “Ya ce ” kawai. Kalmar “gobe” tana cikin em, alamar jaddada kalma. Ragowar jimlar, “ zai zo.”, tana wani wuri da ake kira tail, maƙale a jikin em, bayan an rufe ta. Wanda bai san da tail ba zai fitar da takarda mai kyan gani wadda rabin jimlolinta sun yanke, kuma manhajar ba za ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Wannan shi ne ya fi ba ni tsoro a aikin, domin kuskuren da ke tsayar da manhaja ana ganinsa nan take, wanda ke cin rubutu a ɓoye kuwa sai mai karatu ya ci karo da shi. Akwai itertext, wanda ke tattaro komai bi da bi har da tail, amma shi ma bai san inda sakin layi ya ƙare ba.

Don haka na zauna na rubuta jerin duk alamomin da ke cikin takardun, na raba su gida biyu. Akwai masu zaman kansu, irin su kanu da sakin layi da kowane abu na jeri, waɗanda dole a raba su da sabon layi. Akwai kuma na cikin jimla, irin su em, waɗanda ba a sa musu komai, don wani lokaci a tsakiyar kalma suke faɗowa, kuma ƙara tazara zai raba kalmar biyu. Sauran sai da na yanke wa kowanne hukunci. Hoto ya zama bayaninsa, idan yana da shi. Mahaɗin intanet, a rubutun imel na sa adireshinsa bayan kalmar, a na injin bincike na jefar da shi. Bayanin ƙasan shafi na ba shi lamba na tura shi ƙarshen takarda, don idan aka bar shi inda yake sai ya kutsa tsakiyar jimla. Jadawali ya fi duka wahala. Na gwada jera shi da tazara, amma hakan yana aiki ne kawai idan haruffan mai karatu faɗinsu ɗaya. A ƙarshe kowane layi na rubuta shi da sunan ginshiƙi a gaban abin da ke cikinsa. Ya fi tsawo, amma ba ya ruɗa kowa.

Batun tazara shi ma yana da sarƙaƙiya. Waɗanda suka shirya fayilolin sun tura layuka ciki don sauƙin karatu, kuma manhajar da ke karanta XML tana miƙo wannan tazarar duka. Dole a dunƙule ta zuwa ɗaya, amma ban da inda aka rubuta xml:space="preserve", kamar waƙa ko misalin lambar manhaja, inda tsarin layi yake cikin ma'ana. A wurin XML abubuwa huɗu ne kawai tazara: sarari, tab, da alamomi biyu na ƙarshen layi. Split na Python kuwa, umarnin da ke raba rubutu a wurin tazara, yana haɗawa har da U+00A0, tazarar da aka sa da gangan don kada lamba ta rabu da ma'auninta. Saboda haka na rubuta nawa mai dunƙulewa, wanda ke taɓa huɗun nan kaɗai.

Wasu fayilolin sun ƙi buɗewa, saboda an liƙa musu &nbsp; daga HTML, harshen shafukan intanet, inda shi ne sunan U+00A0, alhali irin waɗannan sunayen haruffa biyar ne kawai XML ya sani tun asali: amp, lt, gt, quot da apos. Wannan gyaransa bai ɗauki lokaci ba. Haka ma na haruffa: na tilasta UTF-8, tsarin adana haruffa a kwamfuta, wajen rubuta sakamako, domin ƙ, wadda ke cin bayit biyu, idan aka karanta ta da wani tsarin, Windows-1252, sai ta koma Æ™.

An tambaye ni me ya sa ban yi amfani da XSLT ba, wato harshen sauya takardun XML zuwa wani tsari, tunda tun 1999 aka yi shi don irin wannan, kuma yana da method="text". Da takardun tsarinsu ɗaya ne, da shi zan zaɓa ba tare da jinkiri ba, don dokokinsa a fili suke, kowace alama da tata. Amma yana da wata ɗabi'a: duk alamar da ba ka rubuta wa doka ba, sai ya kwashe rubutun cikinta ya zuba a sakamako shiru. Takardun nan hannaye da yawa ne suka rubuta su, kuma cikinsu akwai bayanan da editoci suka bar wa juna, waɗanda bai kamata su fita ba. A manhajata, duk alamar da ba ta cikin jerina, ana rubuta sunanta da na fayil ɗinta a wani rahoto daban, kuma ba a sakin takardar sai na duba ta da idona na yanke hukuncin abin da alamar za ta zama.