Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Zumunci a Ƙafa Yake

Makon jiya na tsaya a inda likitar yara ta faɗa mana sunan lalurar Abba, otizim, wadda nake jin 'yan rediyo suna kira galahanga. Niyyata yau in shiga maganar makaranta. To jiya da la'asar aka aiko mini da katin biki da atamfar anko daga gidan da rabona da shi tun 2015, sai zuciyata ta ƙi zuwa ko'ina.

Goggo, Allah ya jiƙanta, ba ta da maganar da ta wuce "zumunci a ƙafa yake". Da ita ta raine mu a Yakasai, ni kuwa na riƙe ta da hannu biyu. Kafin a haifi Abba a 2011 babu suna, babu gaisuwar mutuwa, babu dubiyar da za a neme ni a rasa. Ina cikin adashi biyu. Idan biki ya taso a dangi ni ake turawa Kantin Kwari zaɓen anko, don an san ba na ɗauko mai zuba.

Bikin ƙanwar aminiyata ne ya yanke wannan ƙafar. Aminiya fa ta gaske, tun makarantar kwana, kwanonmu ɗaya, sabulunmu ɗaya. Abba yana shekara huɗu, bai fara magana ba. Muna shiga wurin kamu mai kiɗa ya ƙure lasifika, yaron nan ya toshe kunnuwansa, ya zube ƙasa yana ihu yana buga kai da siminti. Na durƙusa na rungume shi, gwaggwarona ya faɗi, ina jin mata a kaina. Wata ta ce iska ce, a kai shi ruƙiyya. Wata ta ce sangarta ce kawai, da ɗanta ne bulala biyu ta ishe shi. Wadda ta janye 'yarta daga kusa da mu kamar muna ɗauke da ƙyanda, har yau ina gane ta, muna haɗuwa a kasuwar Rimi tana gaishe ni da fara'a.

Duk wannan na haɗiye. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne wayar da aminiyar tawa ta yi mini wata uku bayan nan, da ta haihu. Ta ce, "Maman Abba, don Allah idan za ki zo suna ki bar shi a gida. Kin san dangin miji." In bar wa wa? 'Yar aiki ba ta yin mako biyu a gidana. Na ce to, na aika da turmi da kayan jarirai, ban je ba. Ita ma ba ta sake zuwa ba.

Daga baya likita ta fahimtar da ni cewa ƙarar da mu muke ji a matsayin hayaniya, shi zafi take yi masa har cikin kai. Ta ce lalura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke girma, ta fi yawa a yara maza, babu ƙwayar da ke warkar da ita, sai horon magana da haƙuri. Wani kawun Baban Abba ya dage a kan allurar rigakafi ce ta jawo, don tun dambarwar foliyo ta 2003 bai sake yarda da allura ba. Likita ta ce an bincika an sake bincikawa, babu alaƙa. Kawu bai sauka daga maganarsa ba har ya koma ga Allah.

Goggo ta hau adaidaita ta zo takanas ta yi mini faɗa. "An daina ganinki a ko'ina. Zumunci a ƙafa yake, 'yar nan." Na ce, "Goggo, ni kaɗai Allah ya yi wa ƙafa?" Tun da ta ɗauke ni ina 'yar shekara shida ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Ta yi shiru, ta gyara mayafi, ta tafi ba ta sha ruwan da na kawo ba. Ta rasu a 2020, cikin kullen korona, ko zaman makoki ba a yi ba. A lokacin kowa na kukan an tsare shi a gida, ni kuwa shekarata biyar a kulle babu gwamnan da ya sanar. Gaskiya na faɗa wa Goggo, amma da na san ba za mu zauna mu wanke maganar ba da na riƙe bakina.

Wadda ta kawo ƙafarta ba dangi ba ce, ba kuma ajinmu ɗaya a makaranta ba. Maman 'yan biyu ce, mai injin markaɗe a jikin katangarmu. Na fi shekara ina jin haushin matar nan saboda injinta. Wata safiya ta leƙo ta ce, "Maman Abba, wai injina ne ke sa shi kuka?" Daga ranar ba ta tayar da inji sai ta aiko Hassana ta ce za a kunna, in shigar da shi ɗakin ƙurya. Ta lura yana jera marafan lemo a layi, kala da kala, sai ta riƙa tara masa a gwangwanin madara. Ta ja wa 'yan biyunta kunne kada su taɓa masa layi, kada su ce sai ya kalle su. Su zauna gefe su yi nasu. A haka aka yi watanni, ran nan ya miƙa wa Usaina marfi ɗaya ja. Na shige banɗaki na yi kukana.

Ita ce ke kai yayyensa mata kallon Hawan Daushe, tunda harbin 'yan bindigar sarki ba na Abba ba ne. Gidan zoo kuma sai an watse daga bikin sallah muke zuwa, da safe, ranar aiki, mu da namun daji kawai. Ko sau ɗaya ba ta taɓa kawo mini sunan wani malami ko mai magani ba, kuma duk wadda ke rainon irin Abba ta san girman wannan.

Akwai kuma matan da muka haɗu a layin asibiti, muka buɗe zaure a WhatsApp. Duk 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa masu otizim, mukan haɗu a gidan ɗayanmu. Babu kiɗa. Yaro ya yi ihu ba mai waiwayowa, ya ƙi cin komai sai farar taliya ba mai cewa uffan. Labarinsu sai na ware masa kashi guda.

Atamfar tana nan kan durowa, mai kyau ce, ba zan ɓoye ba. Baban Abba ya ce in je, a bar wa Allah. Ina ta jin muryar Goggo tun jiya. Na juya katin na ga an rubuta a ƙasa da ƙananan haruffa, "ban da yara". Abba yanzu ya fi ni tsawo, gashin baki ya fara fito masa. Ban kai wa tela ba tukuna.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, maganar makaranta.