Kafin ka biya kuɗin kwamfutar cinya, ka duba waɗannan

Ƙannena da ke shirin sayen kwamfutar cinya ta farko, ko don karatu a jami'ar Ngaundere da ke Dang da ta Marwa, ko don lissafin shago a Garwa da Kusiri, abin da zan faɗa muku da kuɗina na saye shi. Sau huɗu na yi asara a wannan harka. Na sayi tsohuwa saboda tambarin i7 da ke manne a jikinta, na sayi sabuwa mai arha saboda ƙyalli, na sa cajar bogi, na kuma toshe iskar wata a kan katifa har ta dahu. Da na tsaya na yi duban minti talatin, da ba ko ɗaya da ta same ni.

Mu fara da tambarin nan, wato sunan ƙwaƙwalwar Intel da ke sarrafa aikin na'urar, domin shi ne ya fi cin kuɗin mutane. Mai shago zai ce maka wannan i7 ce, ta fi i5, kai kuma ka ga bakwai ta fi biyar, ka ƙara kuɗi. Abin dubawa shi ne lambar da ke bayan ɗan layin. A i7-6600U, shidan farko na nufin zubi na 6. A i5-8250U, takwas ɗin na nufin zubi na 8. Waccan i7 ɗin ƙwaƙwalwa biyu gare ta a ciki, wannan i5 ɗin kuwa huɗu, don haka i5 ɗin ta fi ta gudu nesa ba kusa ba, sau da yawa kuma ta fi ta arha. Daga zubi na 10 lambar takan ɗauki biyun farko, kamar i5-10210U, haka ma i5-1135G7 zubi na 11 ce, kada a rikita ka a ce na 1 ce ko kai ka ɗauka haka.

Akwai dalili na biyu da ya sa nake tsayawa a kan zubi na 8. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana son Intel zubi na 8 zuwa sama, ko, a kwamfutar cinya, AMD Ryzen 3000 zuwa sama, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Yaran kasuwa sun iya tura Windows 11 a kan tsohuwar na'ura ta bayan gida, ta tashi lafiya a gabanka. Ganin Windows 11 a fuska ba shaida ba ne. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga wurin da aka rubuta Performances idan na'urar da Faransanci take, ka karanta lambar da idonka. A nan ne kuma za ka ga yawan RAM, wato wurin da na'urar ke riƙe ayyukan da ka buɗe a lokaci guda, da irin ma'ajiyar da ke ciki.

RAM kada ta gaza giga 8. Da giga 4, ka buɗe Word da shafuka biyar na Chrome da WhatsApp, sai ta fara nishi. Ka tambaya ko akwai gurbin ƙari, domin wasu siraran an like musu ita a jikin allon ciki, yadda ka saya haka za ka zauna da ita. Ma'ajiya kuma ta zama SSD, wato wadda babu faifai mai juyawa a cikinta, ko da giga 256 ce. Za a nuna maka mai HDD giga 500 ko 1000 a ce ta fi girma. Ta fi girma, amma faifai ne mai juyawa da allura a kansa, gudunsa wajen mega 100 a daƙiƙa, SSD mafi sauƙi kuwa tana kai 500. Ga shi kuma faifai ba ya son jijjiga, mu kuwa a bayan babur muke yawo da jakunkunanmu, a hanyoyin da kowa ya sani.

Sabuwa mai arha ita ce tarko na biyu, kuma ta fi kama 'yan mata da iyaye masu saya wa yara, saboda tana zuwa a kwali, siririya, mai launin azurfa. Juya kwalin. Idan ka ga Celeron N4020 ko makamancinsa, RAM giga 4, da ma'ajiya eMMC giga 32 ko 64, ajiye ta. Ita eMMC irin ma'ajiyar waya ce, a like take, ba a cire ta. Windows kaɗai za ta cinye yawancinta, wata biyu ka ji ta ƙi sabuntawa saboda babu wuri. Jikinta roba ne, maƙalar murfin ta karye ta tafi da fuskar.

Da kuɗin nan ɗaya gara ka nemi ta hannu irin wadda ofisoshin Turai da Amurka suka yi aiki da ita suka sallamar: Lenovo ThinkPad T480, Dell Latitude 5490 ko 7490, HP EliteBook 840 G5. An ƙera su don aiki na wuni guda, ana kwance su da sukurdireba ba tare da fasa komai ba, kuma da yake sun cika kasuwa daga Duwala har Njamena, batirinsu da madannansu da fuskarsu ba sa wuyar samu. Wannan batu na kayan gyara ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da a Yawunde. Na'urar da ba kowa ke da irinta ba, idan fankarta ta mutu, sai ta yi wata biyu a kan teburin mai gyara ana jiran saƙo.

To, ta hannu sai da bincike, kuma a gaban mai shago, kafin ka tura ko sisi ta Orange Money ko MoMo. Mai kayan kirki ba ya hana a duba.

Batir da farko. Buɗe wurin rubuta umarni, wanda ake kira Invite de commandes, ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe takardar da za ta fito. Za ka ga lambobi biyu, Design Capacity, wato ƙarfinsa ranar da aka yi shi, da Full Charge Capacity, abin da ya rage masa yau. Idan na biyun bai kai kashi 70 cikin ɗari na na farkon ba, ka cire kuɗin sabon batir daga ciniki. Sannan ka zare caja ka ga ko za ta ɗauke nan take. Ka ɗora ta a kan tebur mai shafe, idan tana rawa, ko wurin shafa yatsa ya ɗago sama, batirin ya kumbura, kuma kumburarren batir na iya kama wuta.

Sai ka kashe ta ka kunna, ka shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar da ke buɗewa kafin Windows ta tashi: danna F1 a Lenovo, F2 a Dell, F10 a HP. Idan ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, ka bar masa kayansa komai arha. A ThinkPad musamman, cire wannan makulli aikin allon ciki ne, ba na sake zuba Windows ba. Haka idan ta hau intanet ta nuna sunan wani kamfani ko makaranta tana neman ka shiga da asusunsu, ba a sake ta daga hannun masu ita ba ke nan. A Dell, F12 yayin tashi yana kai ka wurin da na'urar ke gwada kanta, fanka da RAM da ma'ajiya, cikin 'yan mintuna.

Fuska ka buɗe farin shafi ka cika ta da shi, sannan baƙi, ka nemi ɗigo ko tabo ko layi. Wajen yawan ɗigon da ke haɗa hoto a fuskar, ka fi son 1920 x 1080 a kan 1366 x 768 idan da hali, mai aikin Excel zai gane bambancin tun ranar farko. Ka soka filas a kowace kafa ta USB, ka gwada kyamara da lasifika da Wi-Fi, ka buɗe murfin ka rufe a hankali kana sauraron ƙara.

Madannai kuwa suna da nasu zance a ƙasarmu. Waɗanda suka zo daga Faransa da Beljiyam AZERTY ne, waɗanda suka biyo ta Dubai ko ta Najeriya yawanci QWERTY, na Jamus kuma QWERTZ. Ɗalibin da zai rubuta kundinsa da Faransanci zai sha wahalar é da è da ç a kan QWERTY, mai shirin jarrabawar aikin ofis kuma gara ya saba da abin da zai tarar a can. Wasu masu shago suna manna takardun haruffa a kan madannai su mai da su AZERTY, da zafi da gumi sai su ɓare. Shafa da farce ka ji. Ka buɗe shafin rubutu ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, har da na jeren sama da ba a cika taɓawa ba.

Caja ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali ita ke kashe na'ura. Kwamfutocin nan da na ambata yawanci wat 65 suke so, Lenovo bolt 20, Dell da HP bolt 19.5, kuma an rubuta a ƙasan na'urar da jikin cajar, ka gwada su dace. Ta asali tana da nauyi a hannu, ta bogi kamar fanko, tana zafi, wani lokaci wurin shafa yatsa ya riƙa tsalle da zarar an soka ta. Dell tana da ɗan siririn tsinke a tsakiyar bakin caja wanda da shi take gane ta. Idan ba ta gane ta ba, sai ta ƙi cika batir ta kuma rage gudu, mutum ya yi ta zargin na'urar. Shi ya sa nake cewa idan sefa dubu 150 ke hannunka, kada kwamfutar ta wuce dubu 120. Ragowar na caja ta gaske ne, da jaka mai soso, da abin soka wuta mai kariya daga hauhawar lantarki, da ƙarin RAM ko batir idan ya kama. Idan an ɗauke wuta ka zare caja, kada ka mayar sai ta dawo ta zauna, haka ma lokacin da ake tada janareto.

Ka karɓi takardar sayayya da lambar jikin na'urar a rubuce, da kwanakin da aka yarda za ka iya mayarwa, ko da mako guda ne. A cikin makon nan ka matsa mata aiki sosai, domin ciwon da ya ɓuya a shago a nan yake fitowa.

Sauran aikin na gida ne. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa yana haura digiri 40, kuma na'urar da ƙasanta take shan iska. Katifa, darduma, matashi da cinya mai zani duk suna toshe ta. Ɗora ta a kan tebur ko faranti, ka ɗaga bayanta da murfin kwalba biyu. Kada ka bar ta a mota ko a jaka cikin rana, zafi yana cinye batir fiye da yawan aiki. Ƙurar hunturu kuma tana taruwa tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi har ta zama kamar auduga, daga nan fanka ta yi ta ihu, na'ura ta rage gudu, ta fara mutuwa da kanta. Duk ƙarshen hunturu, kafin bazara ta kama, ka kai a buɗe a share. Ka ce wa mai gyara ya cire haɗin batir tukuna, ya riƙe fankar da yatsa yayin hurawa don kada ta juya fiye da ƙima, ya goge tsohon man da ke kan ƙwaƙwalwar da ya bushe, ya sa sabo kamar ƙwayar shinkafa.