Bulala uku: ƙa'idar da aka manta a makarantunmu

Da yawa daga cikin masu kare dukan ɗalibai suna cewa haka aka gada. An gaji bulala kam, amma an gaje ta da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan nan ne aka watsar.

Muhammad ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan, a Tunisiya ta yau, da ya rasu a 870 miladiyya, ya rubuta ɗan littafi kan ladubban malaman yara, Adab al-Mu'allimin. Ya ce in kan karatu ne, kada malam ya wuce bulala uku. In laifin ya fi haka, sai da izinin uba, kuma goma ce iyaka. Ba a dukan fuska, ba a dukan kai, ba a hana yaro abinci ko ruwa. Ba a duka cikin fushi, domin wanda ya fusata kansa yake rama wa. Kuma bai so malam ya miƙa wa wani ɗalibi bulala ya daki ɗan'uwansa. Alƙabisi, shi ma na Ƙairawan, wanda ya rasu a 1012, ya jera abin daki-daki: nasiha tukuna, sannan tsawa ba tare da zagi ba, sai an rasa mafita a ɗauki tsumagiya.

A duba wannan sharaɗi na hana ɗalibi dukan ɗalibi. A nan ne mafi yawan ɓarna take faruwa. Gardi a tsangaya, ko monita da siniya a makarantar kwana, yaro ne da aka ba iko alhali bai san iyaka ba, ga shi kuma yana riƙe da nasa dukan da ya sha bara. Bulalar da ya kamata ta sauka a tafin hannu sai bakinta ya lanƙwaso ya sami ido. Mari ɗaya a kunne yana iya fasa dodon kunne. Tsallen kwaɗo da kamun kunne a tsakar rana kan sumar da yaron da bai karya kumallo ba, balle mai sikila ko asma. Masanin tarihi Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya hango wata illar da ba ta barin tabo a jiki: yaron da aka rena da tsanani yakan koyi ƙarya da yaudara don ya kuɓuta, karsashinsa ya mutu. Duk malamin da ya ga ɗalibi ya kwafi aikin gida da sassafe don gudun dorina ya ga gaskiyar maganar.

Boko kuma ya zo da nasa salon. A Ingila akwai littafin hukunci, inda ake rubuta sunan yaro, laifinsa, yawan bulalar da wanda ya yi dukan. A makarantun Faransa na Afirka ta Yamma, har da Nijar, akan rataya wa wanda ya yi harshen gida wata alama a wuya, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa. A Najeriya ma an sha tara da bulala kan yin Hausa a aji. Wannan horo, a ganina, ya fi kowane muni, domin abin da yake koyarwa shi ne leƙen asirin aboki da jin kunyar harshen uwa.

Ƙasar Folan ta hana duka a makarantu tun 1783. Birtaniya sai 1986 majalisarta ta hana a makarantun gwamnati, da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak. Afirka ta Kudu ta hana a 1996, Kenya a 2001. Kotun Ƙolin Amurka kuwa a 1977 ta ce bai saɓa wa tsarin mulki ba, shi ya sa har yanzu wasu jihohinta na dukan yara da katako.

Makarantar da ta ajiye bulala kwatsam ba ta tanadi madadi ba, aji zai gagari malam. Ana buƙatar dokoki kaɗan a rubuce a bango, littafin da ake shigar da laifi da kwanan wata, gargaɗi a keɓe, kiran iyaye a karo na uku, da horon da ya dace da laifin: wanda ya ɓata aji ya share, wanda ya makara ya rama darasin lokacin tara.