Waldar bututun gas a Kumasi

Injinan da ke ba da wuta a Anwomaso sun sha hannu kafin su iso Kumasi. A lokacin dumsor ne, wato matsalar yawan ɗauke wuta a Ghana, shekarar 2015, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin AMERI na Dubai: ya kawo injina 10 ƙirar TM2500 na kamfanin General Electric (GE), megawat 250 gaba ɗaya, ya gudanar da su shekara 5, sannan su zama na Ghana. An kafa su a Aboadze kusa da Takoradi, suka fara aiki a 2016. A 2022 aka miƙa su, VRA, hukumar samar da wutar lantarki ta gwamnatin Ghana, ta karɓa, aka ɗauko 6 zuwa Anwomaso, aka buɗe tashar a Afrilun 2024 da megawat 150. Gas ɗin kuwa ta bututun da kamfanin Genser ya shimfiɗa daga Prestea yake zuwa.

Zuwan gas ya buɗe wa masu walda kasuwa, sai dai kowa ya zama gwani dare ɗaya. Mu a shagonmu bututu kawai muke yi, kuma ga yadda ake yinsa.

Da farko a gurza bakin bututun biyu a karkace, digiri 30 zuwa 37 kowane gefe, a goge tsatsa da mai har ƙarfe ya yi fari. A bar tsakani na milimita 2 zuwa 3. In ya matse, walda ba za ta ratsa ciki ba. In ya buɗe da yawa, ƙarfe ya zube ciki ya tare hanya. Zagayen farko da agon muke yi, wato gas ɗin da ake fesa wa walda don kare ta daga iska, a hankali, don wannan zagayen ne ke riƙe gas ɗin bututu. Iska ce abokiyar gabarsa: lokacin hunturu sai an kafa rumfar tamfol, in ba haka ba iska ta kwashe agon, waldar ta fito da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma.

Cikawa da sandar walda mai lamba 7018 ne. Wannan sandar tana shan danshi sosai, kuma danshin Kumasi ba wasa ba. Da an fasa kwali sai a sa ta a murhunta mai zafin digiri 120, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. Sandar da ta kwana a waje tana sa walda ta tsage daga ciki bayan ta huce, ido ba zai gani ba. Nan ne masu araha suke cutar mutane: su zo da sanda a buhun leda, su yi walda mai sheƙi, su karɓi rabin kuɗinmu. Mai aiki kuma ya dawo yana cewa mun yi tsada! Ko a Suame Magazine, unguwar kanikawa da masu walda ta Kumasi, yaron da ya koyi aiki hannun maigida na ƙwarai ya san ba a haka.

Kowane zagaye sai an kankare dattinsa kafin a ɗora wani. Bayan an gama a ɗauki hoton eksire. Gaɓar da ta faɗi a yanke ta a sake. Sai a cika bututun da ruwa, a matsa shi ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da aka tsara masa, a zuba wa agogon auna matsi ido ko allura za ta sauka. A zubar da ruwan, a busar sarai, a kore iskar ciki da naitirojin, sannan a saki gas.